Rabin Ƙwaya

Mai Agogo bai taɓa gamuwa da abin da ya gagari gyara irin jinin matarsa ba. Agogo in ya cika gudu, buɗe bayansa za ka yi ka ɗan taɓa, ya dawo hanya. Amma jinin Amarya, haka yake kiranta har yau ga jikoki cike da ɗaki, kullum sama yake yi. An fara mata da ƙwaya ɗaya, aka ƙara ta biyu, aka ƙara ta uku mai sa fitsari, shiru. Kwanan nan idonta na hagu ya soma gani dishi-dishi, ga yayarta da wannan ciwon ya shanye wa ɓarin jiki. Shi ya sa ranar komawa asibiti ya rufe shago ya bi ta, shi da ko ƙofar asibiti ba ya son wucewa.

Likitar yarinya ce, ba ta fi autarsu ba. Ta ɗaura wa Amarya abin awon jini, ta duba, ta sake ɗaurawa.

"Mama, irin wannan shi muke kira hawan jinin da ya ƙi magani. Akwai ƙwaya ta huɗu, amma kafin in rubuta sai an duba ƙodarki, wataƙila ma mu ba ki gado. Kina sha kullum kuwa?"

"Kullum, 'yata. Tambayi wannan, ai shi ne agogona."

"Gishiri fa?"

"Ya hana ni. Abincina kamar na mai laifi."

"To sha na yau a gabana. Sai ku ɗan zauna mu sake awo."

Amarya ta ɓallo ƙwayoyin uku, ko kallonsa ba ta yi ba ta zuba masa a tafin hannu. Shi kuma ya zaro 'yar wuƙar da yake buɗe bayan agogo da ita, ya maƙala gilashinsa a ido, ya jera su a teburin likita. Ƙas, ƙas, ƙas. Ko ɓurɓushi bai zuba ba. Ya tura mata rabi, ya tattara rabi a gabansa.

"'Yata, a taimaka mana da ruwa," in ji shi.

Likita ta ajiye biro. "Baba, me kake yi haka?"

"Rabawa mana."

Shi tambayar ce ma ta ba shi mamaki. Tun suna ɗaki ɗaya da tabarma ɗaya ba abin da ya taɓa shiga bakin ɗayansu cikakke. Burodi rabi-rabi, lemo rabi-rabi, ko alewa jika ya miƙo wa kakarsa sai ta gutsura ta ajiye masa. Ranar da ta kawo ƙwayar farko yana kukan ƙeyarsa na sara, ta ce ko ya je asibiti ko ya sha rabi. Ya zaɓi rabi. A lissafinsa ma gata ya yi mata, don a wurin agogo ɗigon mai ya isa, in ya yi yawa ɓata shi yake yi.

"Baba, jinin Mama bai ƙi magani ba tukuna," in ji likita a hankali. "Rabi yake samu. Wannan farar kuma an yi ta ne ta riƙa narkewa kaɗan-kaɗan har dare, in ka tsaga ka lalata ta. Da na ɗora ta huɗu a kan wannan, da mun yi ta bin inuwa."

Ya cire gilashin daga idonsa. Ya dubi idon Amarya na hagu, ya dubi hannunsa, hannun da bai taɓa ɓata agogon kowa ba.

"Kar ki yi masa faɗa, ni na tilasta shi," Amarya ta ce. "Malam, saki fuskar nan, ai ban mutu ba."

"Ba faɗa zan yi ba, Mama. Baba, miƙo hannu."

"Ni rakiya na zo."

"Miƙa mata, ɗan rakiya!"

Abin awon ya matse masa damtse. Likita ta duba ta girgiza kai: nasa ma ya kusa kamo na matarsa. Amarya ta tafa hannu kamar wadda ta ci gasa.

Aka rubuta wa kowa nasa. Cikakkiya za a haɗiya, ba tsagawa, ba kyauta. Aka tura Amarya wurin masu duba ido. In sun dawo jinin bai sauka ba, ta huɗun tana nan, kuma tana yi wa mutane da yawa aiki.

Washegari da safe ya tarar da ita zaune bakin gado, ƙwayoyi a hannu tana juya su.

"Sun yi min girma."

"Ba su yi ba."

"Ni ban saba cin abu ni kaɗai ba, Malam."

Wuƙar dai tun jiya ya kai ta shago ya kulle a durowa. Ya cika kofi ɗaya da ruwa, ya watsa tasa ƙwayar a baki, ya sha, ya ɗaga kofin wajen hasken taga ya auna da ido, ya ƙara kurɓa kaɗan, sannan ya miƙa mata.

Ta leƙa ciki. "Ka wuce rabi, tsohon macuci."

"Haɗiye, Amarya."

Bai ɗauke ido daga maƙogwaronta ba sai da ta ukun ta wuce.