Gwiwar Mai Tsaron Gida

"Umma, in ƙungiyar su Abba ta koma babban rukuni, za a ba shi sabuwar gwiwa?"

Uwar ta tsaya cak da wankin da take yi. A gaban ubanta yarinyar ta yi tambayar, yana zaune bakin ƙofa, sandarsa jingine da bango.

A da shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafar. Bara da suka faɗo ƙaramin rukuni, koci ya rantse kakar wasa ɗaya za su yi su koma, kuma duk wanda ya kwanta jinya ya bar wa wani rigarsa. Ana cikin haka gwiwarsa ta kumbura. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Kullum da safe ita ke gasa masa da ruwan zafi, ta naɗe da bandeji tamau, ya ja dogon wando ya rufe.

"Don Allah mu je asibiti," in ji ta.

"Ga likitata a gida? Ko ɗan benci kike so a ce kina aure?"

Ta yi dariya, ta ci gaba da naɗi. Wasa shida ya buga a haka. A na bakwai ya yi tsalle ya cafe ƙwallo, ya sauko, bai tashi ba. Likita ya ce shi da fili har abada.

Yanzu ƙungiyar tana matsayi na biyu, saura wasa ɗaya, wani ne sanye da rigarsa.

"Ba a ba da sabuwa, 'yata," uwar ta ce a hankali.

Ke da naki mijin yake dawowa yana ɗingishi, kada ki taya shi ɓoyewa. Ki kai shi asibiti ko yana fushi.