Takardu Hamsin da Shida

Shekara talatin da ɗaya Malamin Lissafi yana rufe darasi da tambaya guda: "Kun gane?" Shekara talatin da ɗaya kuma aji na amsawa da murya ɗaya, har kwanon rufi ya ɗauka: "Mun gane, Malam!" Bai taɓa samun wanda ya ce a'a ba, shi kuwa bawan Allah ya riƙe wannan a matsayin shaidar aikinsa.

Saura wata huɗu ya yi ritaya, shugabar makaranta ta dawo daga kwas da sabon salo. Ta ce a daina tambayar aji a dunƙule. A ba kowane ɗalibi guntuwar takarda, ya yi lissafi ɗaya shi kaɗai, ba sai ya sa suna ba, ya miƙa in zai fita. Malam bai yi musu ba, tsufa ya riga ya cinye masa musu. Ya koyar da rabawa, ya rubuta tamanin da huɗu a raba gida huɗu, ya tsaya bakin ƙofa yana karɓar takardu kamar kwandastan mota.

Kwana biyu suka yi a aljihunsa. A na uku da yamma ya baje su a tebur. Guda hamsin da shida ne. Mutum bakwai sun samu ashirin da ɗaya. Wasu sun kwafe tambayar tsaf da kyakkyawan rubutu, suka tsaya nan. Fiye da rabi kuwa sun rubuta abin da suka iya: Mun gane Malam.

Bai ji komai ba. Ya nemi haushi bai samu ba, kunyar ma ta ƙi zuwa. Yana nan zaune 'yarsa ta fari ta shigo gaishe shi. Tela ce yanzu, a da kuma bencin gaba take zama a ajinsa. Ya tambaye ta kamar da wasa ko ta gane rabawa a hannunsa. Ta yi dariya, da ta dubi fuskarsa sai ta daina.

"Baba, a shagon ɗinki na koya, wajen yankan yadi."

"To me ya sa kike cewa kin gane?"

"In mun yi shiru sai ka sake daga farko da ƙarfi, har lokacin hutu ya wuce. Kuma kana jin daɗi in mun faɗa."

Washegari ya tsinci murafen kwalba a hanya, ya zuba wa kowane benci, ya sa su raba da hannunsu. Ya ƙudura a ransa yau ba zai yi tambayar ba. Aka buga ƙararrawa, ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannu, ya yi shiru.

Yara suka zuba masa ido suna jira. Da suka ga shirun ya yi yawa, sai suka tausaya masa, suka haɗa baki:

"Mun gane, Malam!"