Tsaga a Silin ɗin Hajja Awatif

Ustaz Fikri ya yi shekara talatin da biyar yana tara tsofaffin mujallun zane na yara, irin waɗanda aka daina bugawa tun yana makarantar firamare. A hawa na huɗu yake zaune shi kaɗai, a wani tsohon bene da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Iskandariyya, a ƙasar Masar. Ɗakuna biyu sun cika har rufi, kowace mujalla cikin ledarta.

Wata Talata Ammu Girgis, dillalinsa na titin Nabi Daniyal, ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa Dakta Sabri ya rasu. Wannan likita shi ne ya sha riga Fikri ga duk wani bugu mai wuyar samu. Magada sun ƙosa a kwashe musu mujallun da ya bari, kwali arba'in da biyu, ciki har da fitowar farko da Fikri ya yi rabin rayuwarsa yana nema. Sharaɗinsu ɗaya, ba a tsinta, sai dai a ɗauka duka. Fikri ko shayinsa bai ƙarasa ba ya ce ya saya.

Kwana tara da shigo da kwalayen, ƙofar ɗakin tsakiya ta fara cijewa. Ya ce danshin teku ne. Da lemo ya faɗo masa daga tebur kuwa, sai ya ga ya gangara shi kaɗai har gindin kwalayen. Ya daɗe yana kallonsa.

Da la'asar Hajja Awatif, gwauruwar da ke ƙasa da shi, ta hawo tana haki, ta buɗe masa tafin hannunta. Garin siminti ne.

"A cikin miyata na tsinci wannan, Ustaz. Me ka ɗora mana a ka, giwa?"

"Takarda ce kawai, Hajja."

"To sauko ka ga aikin takarda."

Silin ɗinta ya tsage, tsagar ta faro daga gindin fanka ta nufi taga, har ɗan yatsa yana shiga. Fikri ya yi alkawarin rage nauyi, kuma ya rage: ya kyautar da gadonsa, da kabad ɗin mahaifiyarsa, da firji. Mujalla ko ɗaya ba ta sauka ba. Hajja ta manna takarda a kan tsagar don ta gwada, kafin Juma'a takardar ta yage. Ta haɗa kayanta ta koma wurin 'yarta, ko sallama ba ta yi masa ba.

Ranar Lahadi da hantsi yana jera fitowar farkon nan a leda, sai ya ji daɓen ya numfasa a ƙarƙashin ƙafarsa, sannan wani rugugi daga ƙasa. Rabin silin ɗin ne ya rufto a kan kujerar da Hajja take zama.

Injiniyan gunduma ya leƙa ɗakunan daga bakin ƙofa, ya ƙi taka ciki. Ya ba mutanen benen minti ashirin su fice. Fikri ya ɓata goma sha biyar a tsaye tsakanin kwalayen, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan. Daga ƙarshe ɗan sanda ne ya riƙo hannunsa ya sauko da shi, da kwali guda a ƙirji wanda bai ma san abin da ke ciki ba.

Aka garƙame ƙofar benen, aka buga jan hatimi. Yana tsaye a tsallaken titi ya hango tagar ɗakin tsakiya a buɗe, ya manta bai rufe ba. Ya roƙi ɗan sandan ya bar shi ya hau ya rufe, ɗan sandan ya ce masa sai dai ya kai kuka gunduma. Ta wajen teku hadari ya riga ya haɗo.