Manhaja Ta Huɗu

Tun da ya bar koyarwa yake rubuta littafi a kan tarihin haƙar rijiya. Haka dai ake gaya wa baƙi idan sun ga ƙofar ƙaramin ɗakin a rufe. Abin da yake yi a ciki kuwa shi ne tara shafukan intanet da guntayen bayanai, yana kwashe su daga wannan manhaja zuwa waccan. Ta farko ba ta neman kalma da kyau. Ta biyu tana adana shafi ta watsar da hotunansa. Ta uku ba ta da laifi, launinta ne ya gundure shi.

Matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Malam, 'yarka na tafe da jariri, kuma ba a kan littattafanka za ta kwanta ba. Ko ka nuna min babi ɗaya, ko in shigo da gado."

"Ai kin fi kowa sanin bincike ba tuya ba ne."

"Tuya dai ana ganin abin da ta haifar."

Ya mai da hankalinsa kan allo, don a lokacin ya samo manhaja ta huɗu. Wannan tana daidaita komai, abin da ka sa a waya sai ka tarar da shi a kwamfuta, har da tsohuwar wayar da ke cikin aljihun tebur. Ya wuni yana kwashe kaya, ya jera su fanni-fanni: igiya, guga, ƙasa mai zubewa, waɗanda rijiya ta rufta da su. Da ya gama sai ya goge tsofaffin manhajojin uku, ya ji kamar ya rubuta rabin littafin.

Washegari matar ta ce ya ba ta tsohuwar wayar, tata ta fashe. Shi kuwa ba ya son a taɓa masa bincike, sai ya buɗe manhajar a wayar ya share komai. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna e. Har kwandon sharar manhajar ya zazzage, don shi mutum ne mai tsafta.

Ya koma gaban kwamfuta da shayinsa. Manhajar ta cika alƙawarinta, abin da ka yi a nan shi za ka tarar a can. Farin allo ne kawai, da wani ɗan rubutu na fara'a yana gayyatarsa ya adana bayaninsa na farko.

Ya daɗe yana jiran baƙin ciki ya zo. Gajiya ce ta zo, irin ta wanda ya sauke buhu bayan doguwar tafiya.

"Maman yara," ya kira, "shigo da gadon."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana dubansa. "Littafin fa?"

Ya nuna mata farin allon. "An samu mai karantawa, ya ba da ra'ayinsa."

Ta kalli allon, ta kalle shi. Ta miƙo masa kwali, ya fara kwashe littattafan da ke saman kantar ɗakin.