Kulocin Attahiru a Ƙofar Gidan Surukai

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, duk Tambuwal babu direban da ya kai Attahiru baki. Motar Alhaji Dogo yake ja, kuma shi ne makanikenta. In yana faɗa da kwanduroba, wato yaron mota, a tasha, har mahauta suna jiyo shi. Amma wannan mutum, da ya hango surukinsa Malam Bube na Kebbe, sai muryar ta ɓace, ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana kallon ƙasa. Tun da aka ɗaura auren, maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba.

Matarsa Ni'imatu ta je gida haihuwar fari, ta samu 'ya mace, aka sa mata Kulu. Da ta gama wanka, Attahiru ya roƙi aron motar don ya ɗauko su. Ana gobe tafiya ya sauke tsohon akwatin giyar da ke ta kuka, ya ɗora wani, hannu yana aiki hankali yana Kebbe.

Lafiya lau ya isa. Aka ci tuwo, aka loda kaya, Ni'imatu ta fito da goyo. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma kowa ya san rafin da ke kan hanya: in ya cika, mota ba ta ƙetarewa sai ya janye, wani lokaci har ƙarshen damina. Attahiru kuwa ya gaji da kwana shi kaɗai, ya gaji da tuwon saye.

Ya shiga, ya taka kuloci. Sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka ɗanyen kunu. Giya ta ƙi shiga, sai gurnani.

Ya kutsa ƙarƙashin mota. Nan ya ga aikinsa: notin bututun da ke kai mai ga kuloci bai ɗauru sosai ba, mai ya yi ta ɗiga a hanya, iska ta shiga ta maye wurinsa. Ya ɗaure notin, ya cika gwangwanin man kulocin da man birki. Saura fitar da iskar, wadda ba ta yiwuwa sai da mutum biyu: ɗaya a sama yana takawa ya riƙe, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan noti iska ta fita, ya rufe kafin na sama ya ɗaga ƙafa.

Mazan unguwa duk suna gona. Malam Bube ya dubi hadari, ya dubi motar, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofarta kamar zai shiga masallaci, ya hau kujerar direba.

Attahiru ya dubi takalman da ke ƙasa. Ta yaya zai ba surukinsa umarni?

Daga ƙarƙashi ya ce da ƙaramar murya, "Baba, Allah shi ƙara maku lafiya, in babu damuwa, da za ku ɗan taɓa wancan na hagun…"

Tsoho ya taka, ya saki. Kafin Attahiru ya gama jera "Allah shi ja da ranku, da kun ɗan riƙe," ƙafa ta riga ta ɗaga, noti yana buɗe, iska ta koma ciki. Suka sake. Wannan karon tsohon ya riƙe, amma Attahiru ya ji nauyin cewa "saki", har ƙafar bawan Allah ta fara rawa. Mai na zuba a banza, gwangwani na raguwa, iskar ruwa ta fara kaɗawa. Ni'imatu ta juya baya, kafaɗunta na girgiza don dariya. Attahiru kuwa kamar ya yi kuka.

Malam Bube ya yi gyaran murya ya ce wa 'yarsa, "Miƙo min amaryata."

Jikarsa yake nufi, don tsakanin kaka da jika wasa ne, babu kunya. Ya rungume jaririyar a cinya, ya ɗaga murya yadda za a ji a ƙasa.

"Kulu, ke ad da iko da ni. Wanga na ƙarƙashin mota, in shina da magana shi gaya miki, ke kuma ki ba mijinki umarni."

Attahiru ya kama noti. Sannan muryar tasha ta dawo.

"Ke! Ce ma mijinki shi taka! Shi ƙara! Shi riƙe nan, kar shi motsa!"

"Ce mashi na riƙe, amarya."

Attahiru ya buɗe noti, iska ta fito da kumfa, ya rufe.

"Ce mashi shi saki! Mi yaka jira?"

"Kin ji ko, Kulu? Tun yanzu kin fara mulki."

Mata suka cika ƙofar gida suna ta dariya, ita kuwa mai ba da umarnin barcinta take yi. Suka yi ta maimaitawa har kumfa ya ƙare, mai ya fito garau. Tsoho ya taka ya ce, "Amarya, abin ga ya yi tauri, yana tura ni."

Attahiru ya fito, baƙin mai har gira. Da ya tuna irin tsawar da ya yi, sai kunya ta rufe shi, ya zube ƙasa. Malam Bube ya sauko, ya miƙa wa Ni'imatu jaririyar, ya sa takalmansa a hankali. Ɗigon farko ya faɗo a kan bodin mota.

Attahiru yana jiran ya ji an sake cewa "Kulu, gaya mashi." Sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

"Attahiru," in ji tsohon, karo na farko da ya kira sunansa, "tashi ka kai iyalinka gida, kar rafi shi riga ka."