Ɗakin Baba Akawu

"Sake karanta min layin ƙarshen nan, Baba," in ji Maman Ƙarama.

Baba Akawu ya gyara tabarau, ya matso da takardar kusa da hanci kamar zai sansana ta. "Kwamiti ya saurari kokenku, ya yi nazari. Muna baƙin cikin sanar da ku..." Sai ya ajiye ta a cinya. "'Yar nan, ko sau goma na karanta ba za ta sauya ba. Sun ƙi. Baƙin cikin ma faɗa kawai suke yi. Irin wasiƙar nan da hannuna na buga ta ya fi sau ɗari."

Ta zauna a bakin kujera ba tare da an ce ta zauna ba. Tun safe take tsaye a ɗakin guga na asibiti, zanen gado bayan zanen gado, ga shi ta dawo ta tarar da wannan. Ko kukan ma ba ta da ƙarfin yi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, daga tagarta tana hango rufin makarantar da ta ƙi ɗaukar 'yarta. Gidan hayar nasu guda ne, a kan kwana yake, amma ƙofarsa biyu. Ɗakunan ƙasa suna kallon babban titi, lambarsu ta titin ce. Na bene kuwa, inda take da mijinta direba da 'yarsu, matakalarsu ta lungun baya take sauka, da wata lambar daban. Makarantar tana ɗaukar yara ne bisa kusancin gida, kuma wani mai hankali da bai taɓa taka unguwar ba ya ja layi a taswira, layin ya ratsa ta tsakiyar gidan. Baba Akawu, tsoho mai shekara saba'in da ba shi da ɗan da zai kai ko'ina, yana ciki. Ƙarama tana waje. Makarantar da aka ba ta sai an hau mota biyu.

"Takardar likita fa?" Baba ya tambaya. "Na ce ki haɗa da ita. Kin haɗa?"

Ta kawar da kai.

"Ba ki haɗa ba."

"Baba, ranar sauraron koken mutum uku ne a tebur, ban san ko ɗaya ba. In buɗe baki in ce 'yata sikila gare ta? Gobe duk makaranta ta ɗauka, a riƙa nuna ta da baki. Ni ko danginmu ba kowa ya sani ba."

"To me kika gaya musu?"

"Na ce yarinya ce mai ƙoƙari."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta tashi ta miƙa masa ruwa. "Mai ƙoƙari! Duk wadda ta shiga ɗakin nan 'yarta mai ƙoƙari ce. Shekara talatin da ɗaya ina akawu a ofishin makaranta, ban taɓa jin uwar da ta ce nata daƙiƙi ne ba."

Ba ta yi dariya ba, domin ta san ita ta ɓata abin da kanta. Ya ga fuskarta, sai ya sassauta. Ya gyara kumburarrun ƙafafunsa a kan filo, ya fara lissafa mata da yatsu yadda ya saba yi wa iyaye ta tagar ofis. Kada ta yi fushi ta ƙi wancan gurbin na nesa, ta karɓa ta riƙe, kada a tashi babu nan babu can. Ta je gobe ta sa sunan yarinya a jerin masu jira, a rubuce, ta karɓi shaida. Ta kai takardar likitan ko da an makara. Koke kuwa ba a sake shi a shekara ɗaya, sai fa in wani abu ya canja.

"Kamar me?"

"Kamar gida," ya ce, ya cire tabarau. "Jerin nan ba na wanda ya riga zuwa ba ne. Na wanda ya fi kusa ne."

Washegari ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata guga na awa biyu. A ofishin makaranta wata mata mai magana a hanci ta karɓi takardar likita, ta jefa a fayil, ta ce wannan sai dai a duba shi baɗi. Ta latsa kwamfuta. "Ta goma sha tara."

"Ana kaiwa goma sha tara?"

"Bara mun kai huɗu."

Ran Asabar ta ɗauki Ƙarama suka gwada hanyar makarantar nesa, don su ga abin da ido. Motar farko ta cika, tsaye suka yi. Ta biyu sai da suka jira ta minti arba'in a rana. Yarinyar ba ta yi ƙorafi ba, shekararta sha ɗaya amma ta iya ɓoye ciwo fiye da manya. Sai da suka dawo, a tsakiyar matakala, ta zauna ta riƙe gwiwa, idonta ya kawo ruwa.

"Mama, ba komai, yanzu zai wuce."

Bai wuce ba sai bayan kwana uku. Maman Ƙarama ta kira mijinta, yana can wani gari da kaya a mota, ƙarar inji tana cinye rabin maganarsa. "Ki yi haƙuri, in na dawo za mu san abin yi." Ta san abin yin nasa: zai tsaya a taga ya zagi taswira, ya kwana biyu, ya koma hanya. Ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne kamar ita.

Da safe kafin ta tafi aiki takan zagaya ta gaba ta kai wa Baba shayi, tun da ƙafa ta hana shi fita. Ran nan ta same shi zaune gaban tafiretarsa, yana haki kamar wanda ya yi gudu.

"Mu yi musaya," ya ce, ko gaisuwa bai bari sun gama ba. "Ku sauko nan, ni in hau naku. Na kira mai gidan, ya ce shi ba ruwansa, ɗaki ɗaki ne."

"Baba, matakala ashirin da biyu! Kai da banɗaki ma sai ka dafa bango?"

"Sau ɗaya zan hau. Saukowa kuma ba ni zan sha wahalarta ba."

Ta dire kofin har shayin ya fantsama. "Wallahi ka daina irin maganar nan. Me ka ɗauke ni? In kwashe tsoho marar lafiya in kai shi sama don 'yata ta sami makaranta? Unguwa ta ce me?"

"Unguwa ce za ta hau mata mota biyu?"

"Na ce a'a."

"Taurin kai dai," ya ce. "To sai ki jira. Ba zan daɗe da ɓata miki lokaci ba."

Ta fita ba sallama. Da ma bai faɗi wannan ba. Domin daga ranar, duk safiya in ta zagayo kwanar da kofi a hannu, sai ta tsinci kanta tana kasa kunne. In ta ji tarinsa ta ji daɗi, wallahi ta ji daɗi. Amma can ƙasan daɗin akwai wani abu da ke ƙirga kwanakin da suka rage a koma makaranta, kuma ta tsani abin nan kamar ta ciro shi ta yar. Sai ta ƙara masa madara a shayi, ta wanke masa kaya, ta goge su tsaf har da hankici, kamar mai ba da haƙuri a kan laifin da ba wanda ya san ta yi.

Shi kuwa bai sake tayar da zancen ba. Yakan sa Ƙarama ta karanta masa jarida, yana gyara mata inda ta yi tuntuɓe, yana ce mata amaryata. Ita kuma ta ce ba ta son miji marar haƙori. Jikinsa yana ta raguwa, ƙafafun suna ta ƙaruwa. Asibiti suka riƙe shi kwana biyu suka sallamo shi da ƙwayoyi a leda, kuma Maman Ƙarama, da take aiki a can, ta san ma'anar irin wannan sallamar.

Ran wata Laraba ta zagayo kwana ba ta ji tari ba. Masu shaguna suna ɗaga ƙofofi, wani yana share gaban nasa. Ta ƙwanƙwasa, ta tura. Yana jingine a kan gado, tabarau a hannu, rediyo yana ta magana shi kaɗai a hankali.

"Baba, ga shayi."

Ta faɗa har sau biyu, alhali tun daga bakin ƙofa ta gane. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta kashe rediyon, ta rufe masa ido. Sannan ta fita ta kira maƙwabta.

'Yarsa ɗaya ce, malamar jinya a wani gari, ta iso da rana aka kai shi. Maman Ƙarama ta yi kuka sosai, har mata suna cewa ai ita ce 'yar tasa ta gaske. Maganar ta fi zagi yi mata ciwo.

Kwana uku bayan haka, tana taya 'yar Baba ɗaure kaya, sai mai shagon taya na kusa ya leƙo ya yi gaisuwa. Baki yana Allah ya jiƙan rai, ido yana auna bango. A bakin ƙofa ta ji yana tambayar wani ko mai gidan yana gari, shi da ma yana neman wurin ajiye kaya. Ta saki ƙullin da take ɗaurewa. Saura kwana tara a koma makaranta, ga shi ko zanen gadon mamaci ba a cire ba. Ta so ta yi wa 'yar Baba zancen ɗakin, kunya ta hana ta.

"Yaya," in ji 'yar Baba, "wannan naki ne, ina ji. A ƙarƙashin tafireta na gani."

Ambulan ce, an rubuta Maman Ƙarama a baya. Wasiƙa biyu ne a ciki, kowace da kwafinta. Ta farko zuwa ga mai gida, tana tuna masa alkawarin da ya yi ta waya cewa in ɗaki ya tashi na mutanen bene ne, a ba su takardar haya da lambar titi. Ta biyu zuwa ga makaranta, da sunanta, tana sanar da canjin gida, tana neman a sake auna wa yarinya nisa. Babu roƙo a ciki, babu daɗin baki, layi shida ne cif. Ya yi ɗan gicciye da fensir inda za ta sa hannu. Wurin kwanan wata kaɗai ya bari fari, shi da ke cewa wasiƙa marar kwanan wata takardar ƙunshe gyaɗa ce.

"Ashe har kun gama shiri," in ji 'yar Baba. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ninke rigarsa ne.

"Wallahi na ƙi. Ya ce mu yi musaya na ƙi."

"Na sani. Ya gaya min ta waya, ya ce kin fi jaki gardama." Ta ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Ni sau uku ina cewa ya dawo wurina, akwai ɗaki, akwai likita. Ya ce in ya tashi yau, gobe mai taya zai shige kafin ku ankara. Wai yana riƙe wa amaryarsa wuri."

Maman Ƙarama ta zauna a ƙasa. Ba ta san wannan ba. 'Yar Baba ta laluba jakarta ta miƙo mata biro.

"Rubuta, Yaya. Kada ya yi a banza."

Ta rubuta kwanan watan a kan gwiwarta, ta ɓata lamba ɗaya ta gyara.

Mai gida bai ja ba, ya ce magana ce da ya yi da mamaci. Mai taya ya daina amsa gaisuwarta. Mijinta ya dawo suka sauko da kaya a yini ɗaya, yana ta mita a kan nauyin kabad. A ofis matar nan ta karanta wasiƙar, ta ɗaga kai. "Wa ya rubuta miki wannan?"

"Maƙwabcina."

"Ya san aiki." Ta latsa kwamfuta. "Ta biyu. Amma ban yi miki alkawari ba."

Aka koma makaranta. Kwana shida Ƙarama tana hawa mota biyu, tana dawowa fuska a yamutse, uwarta tana shafa mata ƙafa da ruwan ɗumi. A rana ta bakwai waya ta yi ƙara a ɗakin guga. Daga makarantar ne, gurbi ya samu: wasu yara biyu ba su zo ba, iyayensu sun tashi daga garin. Maman Ƙarama ta ce to, na gode, ta koma ta ƙarasa zanen da ke gabanta. Ta yi zaton za ta yi tsalle, amma gajiya ce kawai ta sauko mata gaba ɗaya.

Ran Litinin ta tsaya a bakin ƙofa ta gaba. Ƙarama ta tsallaka titi da jaka a baya, ta wuce shagon taya, ta wuce mai gyaran waya, ta waiwayo sau ɗaya ta ɗaga hannu, ta shige. Ko minti huɗu ba a yi ba.

Ranar hutunta ce, da ma ta yi niyyar wanke bangon ɗakin. Ta haɗa ruwa da sabulu, ta fara daga bakin taga. Da ta iso inda gadon Baba yake a da, sai ta ga wani tabo a fenti, zagayayye, mai ɗan maiƙo, daidai inda ƙeyar mutum za ta kai in ya jingina. Ta daɗe tsaye da soso a hannu, ruwa yana bin gwiwar hannunta yana ɗiga a siminti. Sai ta wanke sama da shi, ta wanke gefe da gefe, ta ja bokitinta ta yi gaba.