Shaidar Sobhan Sardar

"Baffa Tofazzal, Baba ba ya kan gadonsa," in ji Shefali. Tana tsaye a ƙofata, riƙe da kwanon shinkafar da ya ƙi ci.

"To, ni na haɗiye shi?"

Shekara shida rabona da yi wa ubanta ko sallama, alhali fallen kwanon rufi ɗaya ne ya raba ɗakunanmu, har tarinsa nake ji kamar a ƙirjina. Amma na gyara ɗaurin zanena na fita, don na san inda tsohon munafukin ya nufa.

Ta ɓular katanga na shiga tsohuwar masaƙar da muka yi wa aiki. Saiwar bishiya ta tsaga bangon ɗakin saƙa, awaki suna kiwo a inda muke jibge rama. Injina ɗari huɗu da suka kashe mini kunne, babu ko ɗaya, sai kusoshinsu jere a siminti da koren ruwan damina. A tsakiyar wannan kango na sami Sobhan Sardar, uban Shefali, shugaban layin injinanmu na da, zaune yana haki.

Lokacin da aka rufe masaƙar, mu muna kwance a titi muna yajin cin abinci, shi yana ciki yana nuna wa masu sayen ƙarfe inda za su yanka. Shi kaɗai ya san yadda ake kwance injinan. Na tsane shi tun ranar, ban kuma ɓoye ba.

"Abin da ka manta ba ka sayar ba kake nema?" na ce.

Ya shafa wasu kusoshi huɗu a gefensa. "Nan injinka yake. Yana tsinka zare ta hagu. Sau nawa na gyara maka?"

"Kai kuma ka kai shi mahauta."

"Ko ban nuna ba sai sun yanka, Tofazzal. Ina da yarinya a gabana."

"Mu duwatsu muka haifa?"

Ya yi tari har ya kife. Da ya ɗago ya ce, "In an shimfiɗe ni, liman ya tambaya wane irin mutum ne, me za ka ce? In ka buɗe baki, sauran za su bi ka."

"Ka roƙi masu ƙarfe."

"Ba don ni ba. Shefali za ta ji daga taga."

Na goya shi zuwa gida, ba nauyi ko kaɗan, ina jin haushin haka ma.

Ranar Alhamis ya cika. Bayan azahar aka ajiye makarar a filin gaban ƙofar masaƙar, ƙarƙashin tagogin gidajen ma'aikata. An cika sahu biyar, duk tsofaffin masaƙa, wasu yanzu keken haya suke tuƙawa da furfurarsu.

Liman ya juyo ya ce, "Jama'a, wane irin mutum ne?"

Ko ɓarawo ne ya mutu a unguwarmu, kafin liman ya rufe baki an ce mutumin kirki ne. Wannan karon tsit. Ina jin idanu a ƙeyata.

Ya sake tambaya. Na ce a raina bari Sobhan ya ɗanɗana, a ta uku zan faɗa.

Liman ya goge gumi. "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wane irin—"

"Mutumin kirki ne!"

Daga sahun baya muryar ta fito. Mokbul ne, dillalin tsofaffin ƙarafa, da farar rigarsa. Wani ya yi tsaki. Ba wanda ya bi shi, ni kuma na gwammace harshena ya bushe da in zama ɗan amshinsa. Liman ya ɗan jira, sannan ya juya ya kabbarta.

Da muka ɗaga makarar na kalli sama. Shefali tana taga, ba kuka take ba, ni take kallo. Sai ta miƙa hannu a hankali ta jawo murfin tagar.